Noti Huɗu a Katakon Sulun Maigida

Har yau ɗin nan da nake rubutu ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba. Ƙanƙarar da na sani ita ce ta firji, sai kuma wadda kan zubo da ruwan farko ta fasa wa mutane gilashin mota. Duk da haka na taɓa zaɓar wa mutum katakon sulu a kan dutsen ƙanƙara, a tsakiyar Riyad, ina sanye da silifas. Kuma na zaɓa daidai. Ina so a riƙe wannan, domin abin da ya biyo baya ba daga zaɓin ya fito ba.

A lokacin ina shekara ta huɗu da tuƙa wani Balarabe a unguwar Al-Naseem. Shi ne kafilina, wato da sunansa aka ba ni iƙama, takardar izinin zama, kuma ba na fita ƙasar sai ya sa hannu. Kada in ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, ya doshi sittin, ga tumbi masha Allah. Aibinsa ɗaya, ba ya ƙaunar kwalta. Duk Alhamis sai mun fita bayan gari a jif ɗinsa, da zarar gidaje sun ƙare sai ya buga mini kafaɗa ya ce, "Yalla, sauka daga hanya." In ce masa hanyar ai inda za mu take zuwa. Ya ce ya sani, shi ya sa ba ya son ta. Sau nawa muka kafe a yashi, ni ina haƙa da shebur shi yana shan gahawa yana ba ni shawara.

Ni kuwa abin da ke raina a shekarar nan ɗaya ne, in je gida. Shekara uku ban taka garinmu ba, kuma idon Inna yana tafiya. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya mutu, na dama yana rufewa a hankali daga gefe, magani sai dai ya rage masa gudu. Ƙanwata ce take ba ni labari a waya. Ta ce Inna ba ta ce in zo ba, ba za ta taɓa faɗa ba, sai dai ta sa an cire hotona daga bango an ajiye mata kusa da filo.

Inna ƙorai ta sayar duk rayuwarta, da su ta raine mu bayan rasuwar Baba. Ranar kasuwa mukan jera su cikin juna, manya da ƙanana, mu zuba a raga mu ɗaure a bayan akori-kura. Ni nake ɗaurin tun ina ɗan shekara goma. Idan na gama sai ta zo ta zura yatsa a ƙarƙashin igiyar. Yatsan ya shiga, ba ta magana, kwancewa kawai take yi ta miƙo mini bakin igiyar in sake. Da wannan na girma, da shi na shiga tuƙi. A wurina duk abin da ke motsi a jikin mota ko kaya, alhali ba a ce ya motsa ba, laifin wani ne.

Na roƙi maigida hutu sau biyu. Ban gaya masa dalili ba. Ba a saba mana da kai wa ubangida kukan uwa ba, sai ka ga kamar kana talla da ciwonta. Na ce dai ina son ijaza, haka ake kiran hutun a can. Karo na biyu ya ce, "Tayyib. Bari in je dutse in dawo, kwana goma ne. Ina sauka kai kana hawa jirgi." Har tikiti ya sa aka kama mini.

Maganar dutsen ga yadda ta samo asali. Akwai wani lambu a bayan gari inda yake haɗuwa da abokansa su sha shayi su ci ƙaryar juna. Wani daga cikinsu ya je ƙasar Jojiya da sanyi, ya dawo da bidiyo a waya, ana ganinsa yana gangarowa daga tudu a kan katako biyu kamar mai tsallaka kwata. Kowa ya yaba. Maigida ya karɓi wayar ya kalla, ya ce wannan ai hanyar da mota ta daddale ce, ko tsohuwa ta bi. Ya ce shi lokacin da yake karatu a Turai, inda ba hanya yake bi, cikin dusar da ƙafa ba ta taɓa takawa ba. Aka ce to ya je ya ɗauko musu bidiyo. Ina daga gefe ina juya nama a wuta, na san an gama da mu.

Takalman wasan yana da su, wasu manya na roba mai tauri, kai ka ce na masu kashe gobara. Ya saye su a Dubai da ya taɓa shiga wani ɗakin sanyi a cikin kanti, ya yi sulu na awa ɗaya. Riga da tabarau da safar hannu duk ya haɗa. Katakon ne babu, kuma ya rantse ba zai yi haya a can ba, shi ba ya hawan abin da kowa ya hau. Na kwashe mako guda ina zagaya manyan kantunan Riyad da hoto a waya. Na ga ƙwallo, na ga keken motsa jiki, na ga tantin da ke da na'urar sanyaya ɗaki. Wani mai shago ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaye ni ko ƙofa ce.

Mafita ta zo daga wani abokina mutumin Maraɗi. Mukan haɗu ranar Juma'a a wani gidan tuwo da ke lungun Al-Murabba. Shi yana tuƙa wata Baturiya mai aiki a ofishin jakadanci, domin a shekarun nan mata ba su fara tuƙi a ƙasar ba. Da na nuna masa hoton ya tsame hannu daga miya.

"Wanga abu? Madan tana da su har kashi ukku cikin gareji. Wata mai zuwa za ta koma ƙasarsu, komi saidawa take, har tukwanen fulawa."

Na ce me ya sa ta kawo su Riyad.

"Kai kuma mi ya sa ka zo da bargo biyu?"

Ranar Asabar muka tafi Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ni da maigida da takalman a but. Aka duba mu a ƙofa, aka leƙa ƙarƙashin mota da madubi. Baturiyar doguwa ce, ta haura arba'in, fuskarta duk rana ta gasa. Ta shimfiɗa katakon a kan tayil ɗin gareji, biyu-biyu, kashi uku. Na mijinta ne da nata. Maigida yana jin Turanci, amma ya fi son ya yi magana a kan ya saurara, don haka ni na tsugunna na saurara.

Na farkon siriri ne a tsakiya, kamar an ɗaure masa ƙugu. Ta ce wannan na hanyar da aka gyara ne, inda dusar ta daskare ta yi tauri, yana cizon ƙasa yana shan kwana da sauri, amma aka shiga da shi dusa mai zurfi nutsewa yake. Na ukun faffaɗa ne, ya kusa tafin hannuna da yatsu, kansa da wutsiyarsa a ɗage. Ta ce shi kuma a kan sabuwar dusa yawo yake kamar kwalekwale, amma a kan hanya mai tauri sai ya gajiyar da gwiwa, ba ya jin magana. Na tsakiyan, faɗinsa tsaka-tsaki ne, kansa ya ɗan ɗaga sama don kada ya soke, cikinsa kuma ya ɗan yi doro, idan an taka ya kwanta ya kama ƙasa. Ta ce ba shi ne gwani a ko'ina ba, amma babu inda zai ba ka kunya.

Maigida ya nuna faffaɗan da ƙafa. Ya fi girma, ya fi ado, har da zanen damisa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ya ammi, wannan ai maganar taya ce." Haka nake kiransa, kamar a ce kawu. Na ce siririn tayar kwalta ce, faffaɗan tayar yashi ce wadda ake rage wa iska, na tsakiyan kuwa irin wadda na sa masa a jif ce bara. Na ce kafin ya kai inda ba hanya dole ya bi hanya, idan ya gama kuma ta hanya zai dawo masauki. Ban da haka ba shi da tabbacin zai tarar da sabuwar dusa, wataƙila ta kwana uku ce da rana ta taɓa.

Ya fassara wa Baturiyar yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta tambaya a wane dutse na koya. Mutumin Maraɗi ya ce mata, "Dutsen Dala, Madan." Ta ce gaskiyata, na tsakiyan za a ɗauka. Kaina ya kumbura, na ji shi har cikin hula.

Sai aka zo tsawo. Ta jingina katakon a jikin maigida, ya kai masa karan hanci. Ya ce yana son wanda ya wuce kansa, irin na gwanaye. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da wasan. Ya ce a Turai, sai kuma Dubai. Ta ce Turai yaushe? Ya ce kwanan nan, shekara talatin da ɗoriya. Ta ce wannan tsawon ya isa. Ta tambayi nauyinsa, ya faɗi wani adadi wanda ni da nake kai shi asibiti na san tun kafin in zo ƙasar ya wuce shi. Na sunkuyar da kai ina duba silifas ɗina. Ba ta musa ba, ta shiga ciki ta fito da sikelin banɗaki ta ajiye a gabansa.

A kan kowane katako akwai wasu ƙarafa biyu, ɗaya yana kama kan takalmi ɗaya yana kama dunduniya, idan an taka ya ce ƙwas. Ni tarko na sa masa suna, don ya yi kama da na ɓera. Kowane ɗaya yana da noti da wata 'yar taga mai lambobi. Baturiyar ta ɗauko sukundireba ta zauna a ƙasa za ta daidaita shi da takalman maigida. Daidai nan mai gadi ya leƙo ya ce motarmu ta tare wa wani jakada hanya. Titunan unguwar nan duk zagaye suke, ka bar wuri da niyyar dawowa sai ka tsinci kanka a gaban tutar wata ƙasa. Kafin in sami wurin ajiye mota in dawo a ƙafa, an gama. Abin da ta faɗa a minti ashirin ɗin nan ban ji ba, maigida kuma bai ga dalilin gaya wa direba ba.

Ana gobe zai tashi, da hantsi, na baje kayan a tsakar gida zan shirya. Ni ba na rufe jaka ban gwada abin da ke ciki ba. Na sa takalmi ɗaya a tarkon, na danna, ya ce ƙwas. Na taka katakon da ƙafa na murɗa takalmin da hannu biyu. Fit, ya fice. Na sake, na ba shi duka da dunduniya ta gefe. Ya sake ficewa. Ɗayan ma haka.

Raina ya ɓaci. Na ce wato matar nan da fara'arta kayan da suka saki ta sayar mana. Ni da hannu kawai na fitar da shi, ina ga mutum mai nauyin buhu biyu yana gangarowa daga dutse? Na hango katakon ya tafi gabas maigida ya tafi yamma. Na hango an dawo da shi a kan gadon asibiti, na hango tikitina. Na kira mutumin Maraɗi na gaya masa.

"Akwai noti?"

Na ce akwai, har huɗu.

"To mi kake jira? Ɗamre shi."

Na ɗauko sukundireba daga mota. Ina murɗawa wani ɗan layi yana hawa a cikin tagar, daga lamba biyar ya wuce shida, ya wuce takwas, har ya kai ƙarshe ya tsaya. Na ƙara masa rabin juyi don tsaro. Haka na yi wa duka huɗun. Na mayar da takalmin, sai da na hau da duk nauyina kafin ya shiga. Na murɗa, na doka, na ja har gumi ya keto mini. Ko gezau. Na tsaya ina kallon aikina na ce ko Inna ce ta zo nan ba ta samun inda za ta zura yatsa. Ban gaya wa maigida ba. Ba kowane gyara direba yake kai rahotonsa ba, kuma ban so ya ji kunyar an cuce shi.

Kwana uku da tafiyarsa aka kira uwargida. Kwana shida na je filin jirgi na tarbo shi a keken guragu, ƙafar dama a miƙe cikin filasta tun daga cinya. Ƙashin ƙwauri ya karye, jijiyoyin gwiwa sun tsinke. A mota ya ba ni labari. Rana ta farko ya bi hanya. Rana ta biyu ya ga wani fili fari fes a gefen igiyar da aka ja, babu sawun kowa, ya ɗaga igiyar ya shiga. Ya ce taku ashirin na farko ya ji kamar a aljanna. Daga nan kan katakon dama ya soke cikin dusa ya tsaya, shi kuma jikinsa ya ci gaba da tafiya yana juyawa.

"Amma katakon nan akwai amana, ya shekh," in ji shi. "Na yi ta birgima bai rabu da ni ba. Mutum biyu suka taru kafin su cire mini shi."

Allah ya yafe mini, da na ji haka sai da na ji ɗan daɗi a raina.

Uwargida ta ce kada ta sake ganin katakon nan a gidanta. Na ɗauke su na mayar wa Baturiyar ko za ta ba wani, saura mata kwana huɗu ta tashi. Ta yi jimami sosai, ta ce ta gaya masa ya ɗauki mai koyarwa ya tsaya kan hanya. Tana magana tana juya katakon, sai idonta ya faɗa kan 'yar tagar. Ta duba sauran ukun.

Ta ce wa ya taɓa wannan?

Mutumin Maraɗi ya ɗaga kai yana nazarin silin ɗin gareji.

Ta ce ita a biyar ta bar shi, da gangan, saboda shekarunsa da rashin sabonsa. Ta ce ƙarfen nan an yi shi ne don ya saki. Idan mutum ya faɗi ƙafarsa ta murɗe, shi ne zai buɗe ya jefar da katakon kafin ƙashi ya karye, aikinsa ke nan, sauran duk riƙo ne kawai. Inda yake yanzu kuwa sai masu tsere na duniya, su ma ba kowa ba. Ta ce lallai wani sakarai ne a shagon can dutsen, ya kamata a kai ƙararsa.

Na ce lallai kam. Na yi mata fatan sauka lafiya. Da muka fito mutumin Maraɗi ya raka ni har mota, ina tayarwa ya leƙo ta taga.

"Ni dai cewa na yi ka ɗamre. Ban ce ka kashe shi ba."

Ranar da ya kamata in hau jirgi ina asibiti ina riƙe da fitsarin maigida a roba. Ba wanda ya hana ni tafiya, wannan ma ina so a riƙe. A mako na biyu shi da kansa ya ce, "Ijazarka fa?" Na ce sai ya miƙe. Ya ce zai nemi wani direban na wata biyu. Na ce wani ba zai iya ɗaga shi ba. Gaskiyar ita ce ba zan iya hawa jirgi in bar ƙafar da na karya ba, kuma ba zan iya buɗe baki in ce ni na karya ba. Na zaɓi in biya da jikina ba tare da an san ina biya ba.

Wata biyar muka yi. An yi masa aiki sau biyu, sannan gashin ƙashi sau uku a mako. Ni nake ɗauko shi daga gado in sa a keke, daga keke in sa a mota, a asibiti in sake saukewa. Ni nake zuba masa ruwan alwala. Abokansa na lambu suka riƙa zuwa dubiya suna nuna ni, suna cewa irin wannan direba ba a samu, ɗan halak ne. Wani har agogo ya ba ni. Duk yabon da aka yi mini sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi, in ce na gode.

Ƙanwata tana kira duk Juma'a. Da fari ta ce Inna tana gane mutum idan ya tsaya a gabanta daidai. Bayan wata biyu ta ce sai dai hasken ƙofa. Daga nan ta daina kawo maganar, ni ma na daina tambaya, sai mu yi ta hirar tsadar masara. Idan aka ba Inna wayar takan ce, "Ka riƙe amanar mutane, muna nan lafiya."

Ranar da maigida ya fara takawa da sanda, da safe kafin mu fita, ƙanwata ta kira alhali ba Juma'a ba ce. Ta ce jiya da azahar, rana tsaka, Inna ta ce a kunna mata fitila.

Na kai shi asibiti. Ya taka daga wannan bango zuwa wancan, ma'aikata suna tafi. A hanyar dawowa yana ta murna, yana cewa baɗi zai koma dutsen. Danja ta tsayar da mu. Ina kallon jar fitilar na ce, "Ya ammi, ni na ɗaure notin."

Ya ce wane noti. Na gaya masa duka, tun daga tsakar gida har garejin Baturiya. Fitila ta koma kore, na baya suka cika mu da ham, ban motsa ba shi ma bai ce in motsa ba.

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

"Duka huɗun?"

"Da ƙarin rabin juyi."

Ya daɗe yana kallon gwiwarsa. Na tsallaka na faka a gefe.

"Matar nan ta ce in yi kwana uku a kan hanya, in ɗauki malami," in ji shi. "Kai ka ɗaure, ni na ɗaga igiya. Kalas, shi ke nan." Ya juyo ya dube ni. "Wato wata biyar ɗin nan duk saboda noti ne? Ni na ɗauka ƙaunata kake yi."

Na ce har da ita. Ya ce to tunda ya miƙe, sai in shirya in je in ga iyali, ai babu gaggawa, ko bayan Salla. A nan ne na gaya masa maganar Inna.

Shekara huɗu ina tare da mutumin nan, na kafe masa mota, na taɓa manta shi a masallaci, yanzu ga ƙafa, ban taɓa ganin fushinsa na gaskiya ba sai ranar. Ya buga sandarsa a ƙasan mota. Ya ce tun yaushe? Na ce tun kafin dutse. Ya ce uwarka tana makancewa kana yawo a kanti kana nema mini katako? Ya ce da na faɗa masa kalma ɗaya, wallahi da a daren zan kwana a Kano. Ya kira ni da wani suna da ba zan rubuta ba. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka, muna zaune a gefen titi motoci suna wucewa.

Ya ciro waya ya daddanna. Izinin fita da dawowar da na shekara uku ina jira, bai kai minti biyar ba.

Na isa garinmu da la'asar, da kwali biyu na dabino da jarkar zamzam. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta ji sallamata ta juyo da fuska, amma ta ɗan kauce, tana kallon wajen turmi. Na durƙusa a gabanta. Ta lalubo kaina, ta bi goshi da hanci da gemu da yatsunta, ta ce na yi ƙiba. Na ce tuwon can ne. Na so in ce ta yafe mini, sai kawai na riƙe hannunta.

Aka shigo da kayan aka ajiye kusa da ita. Tana amsa gaisuwar maƙwabta hannunta yana yawo, har ya faɗa kan kwalin dabino. Ta bi igiyar zuwa ƙulli. Ta zura yatsa a ƙarƙashi, ya shige har gindi.

"Wa ya ɗaure maka wannan?"

"Ni ne, Inna."

Kwalin ya riga ya iso, babu inda za shi kuma. Ta kwance ƙullin a hankali, ta miƙo bakin igiyar wajen turmi, inda take zaton nake. Na matsa na karɓa.